Waƙar da Sulle Ya Yi Mini Tana Neman Hana 'Yata Aure

Hajiya Rabi'atu, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani, don wallahi raina a ɓace yake.

Kin san waƙar nan "Tabarmar Zoza" da aka yi yayi zamanin kaset, wadda yanzu yara suka sake tono ta a waya suna rawa da ita? To ni ce yarinyar da ke cikinta. Ba zan ɓoye sunan mai ita ba tunda shi bai rufa mini asiri ba: Sulle ne. Bai ambaci sunana ba, amma ya faɗi garinmu, ya faɗi tsamiyar ƙofar gidanmu, ya faɗi wushiryata. Sai me kuma ya rage?

A waƙar ya ce ya zo zance na naɗe tabarma a gabansa saboda na hango mai shanu. Ƙarya ce, Hajiya! Eh, na naɗe tabarmar, amma ina kuka na naɗe ta. Sulle ya daɗe yana zuwa wurina, har Baba, Allah ya ji ƙansa, ya kira shi ya ce ya isa haka, ya turo magabatansa bayan an cire gyaɗa, kafin nan kuma babu sauran zama a zaure. Aka cire gyaɗa, aka sayar, shiru. Damina ta sake zagayowa, shiru. Shi yana Kano yana bin situdiyo, ni ina gida ina korar manema kamar wata sakarya. Sai da na zama abin nuni a gari sannan na amince da mijina na yanzu, bawan Allah mai kiwonsa da nomansa a Rogo, wanda bai taɓa goranta mini ba ko sau ɗaya. Ina amarya waƙar ta fito. A gidan biki a sa ta, a teburin mai shayi a sa ta, in shiga motar haya direba ya sa ta mata su riƙa taɓa juna suna kallona.

Na haɗiye wannan sama da shekara ashirin. Abin da ya sa na rubuto shi ne 'yata Munawwara. Wani yaro Bahauddeen daga Ƙaraye yana sonta, mun yaba da hankalinsa. Da danginsa suka zo binciken asali, sai goggonsa ta ji cewa ni ce ta cikin waƙar. Ta koma ta ce ba za su ɗauko 'yar mai kwaɗayi ba. Maganar sa rana ta tsaya cak. Yarinyar nan ko abinci ba ta iya ci. Ana cikin haka kuma sai ga gogan a rediyo, wai yana bayanin asalin waƙar, har da shessheƙa, wai har yau ciwon bai warke ba. Ciwon me? Kai da ka yi gida da mota da labarina!

Na yi niyyar in je gidan rediyon nan in tona masa asiri kowa ya ji. Mijina ya ce in bar shi da Allah. Ni kam na gaji da bari. Me zan yi?

Mai tsamiya a ƙofar gida, daga Rogo

'Yar'uwa, fushinki yana kan hanya. An zalunce ki, kuma abin da ya fi zafi shi ne an mai da zaluncin abin rawa.

Amma kada ki je rediyo. Ranar da muryarki ta fita, waƙar za ta sake samun sabon rai, masu waya su yanka maganarki su haɗa da kiɗa, goggon nan kuma ta ce kun gani ko, ga irin gidan. Sulle zai ƙara suna, Munawwara ce za ta biya.

Ki kuma sani, mai waƙa abin da ya ji a ransa yake rerawa, ba abin da ya faru ba. Mai yiwuwa Sulle ya nemi magabatan nasa suka ƙi tashi, kunya ta hana shi dawowa, ya ga ya fi masa sauƙi ya ɗora miki laifi. Wannan bai wanke shi ba. Ita ma goggon tsoro ne ya ɗebe ta, ba ta san ki ba sai a bakin kaset.

Magana ce ta manya, a mayar da ita hannun manya. A cikin waɗanda suka san sharaɗin da mahaifinki ya gindaya ba za a rasa mai rai ba, ko baffanki ko limamin unguwa. Mijinki ya ɗauke shi su je Ƙaraye su zauna da mahaifin Bahauddeen, su faɗi yadda aka yi cikin mutunci. Baffan ko limamin kuma ya nemi Sulle a keɓe ya gaya masa ɓarnar da waƙarsa take yi wa yarinyar da ba a ma haifa ba lokacin da ya rera ta. In yana da sauran tsoron Allah, ya kira mutanen Ƙaraye da bakinsa.

Kafin duk wannan, ki zaunar da Munawwara ki ba ta labarin da kanki. Ta tashi tana jin labarin uwarta daga bakin mutumin da ya guje ta, ya kamata ta ji shi daga bakinki. In dangin yaron sun ji gaskiya suka dawo, madalla. In sun zaɓi su gaskata waƙa a kan shaidar dattawa, to ki gode wa Allah da ya nuna miki su tun 'yarki tana ɗakinki.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba Munawwara gidan da za a san darajar uwarta.

Hajiya Rabi'atu