Rabon Furen Teku a Naman Layya

Bagama, Suleja
5 ga Nuwamba, 1979

Zuwa ga matata Yejide,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da abin da ke cikinki. Yaya Mama da mutanen Legas? Allah ya sa ƙafar ta daina kumburi. Mun yi Babbar Sallah lafiya, sai dai gidan ya yi mini faɗi. Tun da kika tafi goyon ciki, daga ni sai keken ɗinki sai furen tekunki a akwatinsa na gilashi.

Na lura a wasiƙarki shi kika fara tambaya kafin ni. Yana nan. Ya ɗan tsuke, ina jin sauyin yanayi ne. In Sabo direba ya sauke doya a Legas, ki ba shi jarka biyu ta ruwan teku ya taho mini da su. Tanadi ne kawai.

Mijinki,
Tanimu

14 ga Nuwamba

Yejide,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama. Allah ya sauke ki lafiya.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ba sauyin yanayi ba ne, ni ne. Kin sha gaya mini abin nan dabba ne, ba fure ba, kuma ɗan ɓarin busasshen jatan lande ya ishe shi mako guda. To, ranar Sallah na raba naman layya, maƙwabta sun samu, har kyanwar gidan Luka ta samu. Na waiwaya na gan shi yana kaɗa 'yan hannuwansa, sai kunya ta kama ni. A gidan ubana ba a yanka rago a bar mai rai da yunwa, balle baƙo. Na yanko masa hanta har da kitse, na jefa. Ya rungume ta kuwa, na yi ta yabon kaina.

Kashegari ruwan ya yi fari kamar tsarin shinkafa. Ya amayar da hantar, ya saki dutsen da yake manne da shi, ya faɗo ƙasa baki buɗe, jan jikinsa ya koɗe. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Na tsame naman. Ruwan tekun da kika ajiye na yi ta sauya masa kaɗan-kaɗan yadda nake ganin kina yi, har ya ƙare. In an ɗauke wuta, ɗan injin da ke hura wa ruwan iska ya tsaya, da famfon keke nake hura masa. Masu karɓar ɗinkinsu suna ta sintiri, ni ina tsugune gaban gilashi.

Yejide, na san daga ina ya fito. Babanki ne ya ciro shi da dutsensa daga teku, ya ba ki ranar da za ki biyo ni, bai kuma sake ganinki ba har ya rasu. Ban so ki ji wannan da tsohon ciki, amma na fi ƙin ki dawo ki tarar da ruwa babu kowa. Ki yafe mini.

Tanimu

2 ga Disamba

Zuwa ga Yejide,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya nauyin jiki? Sabo ya iso da jarkokin, babu ko layi ɗaya daga gare ki. Ban yi ƙorafi ba, ni na jawo.

Ga labari. Da na zuba sabon ruwan, na matsar da akwatin kusa da taga, na kuma ɗaure hannuna daga ba shi komai, wanda ya fi mini komai wuya. Sannu a hankali bakin ya rufe. Ran Juma'a na dawo daga masallaci na tarar ya hau dutsensa da kansa. Jiya na miƙa masa ɗan jatan lande, bai kai ƙwayar gero ba. Ya karɓa, ya kuma ɗan riƙe mini yatsa. Launin bai gama dawowa ba, amma yana raye.

Akwai abin da ya fi hantar damuna. Da, in na gan ki zaune gabansa, haushi nake ji, ina cewa aikin banza. Yanzu na zauna a wurin da kike zama, a gida babu kowa nawa, na gane abin da kike kallo. Na ɗauko ki daga bakin teku na kawo ki cikin duwatsu, na cika ki da tuwo da atamfa, na ɗauka na gama miki komai. Ko sau ɗaya ban ce ki ba ni labarin Baba ba.

In da namiji kika sauka, ina so a sa masa sunansa. Ki rubuto mini yadda ake faɗinsa daidai, don har yau ban iya ba.

Mijinki mai jiran amsa,
Tanimu