Zaren Da Ka Ƙi, Malam

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Malam. Ina gaisuwa irin wadda ta kamata. Da fatan kana kwance lafiya.

Ni ce, uwar Sani. Ka san ban iya rubutu ba. Hafsatu 'yar Sani ce ke danna waya, ni ina faɗa. Ta ce mutane za su karanta. Su karanta mana, ba sata na yi ba.

Yarinyar nan da ka bari tana rarrafe, yanzu tana babbar makaranta a Zariya, wai karatun saƙa. Ran da na ji, na yi dariya har na ƙware. Kai da ka ƙare rayuwarka a gindin tsamiyar ƙofar gida da ƙoshiya a hannu, wa ya ba ka takarda?

Da hutu ta zo mana Dandamisa fuska a kumbure. Aikin fita makaranta ne a gabanta, malaminsu kuma ya dawo mata da abin da ta saƙa. Gwadon nan naka mai ratsin baƙi da fari ta kwaikwaya, ba ta bar komai ba. Wai ya ce aiki ya yi kyau, amma hannun wani ne, ta kawo nata. In ba ta kawo ba, sai ta maimaita shekara. Ban ji haushinsa ba. Gaskiya ya faɗa.

Ai kai ma haka ka yi. Ratsin babanka faffaɗa ne, kai ka matse naka siriri, tsoho ya yi ta fushi har aka yi girbi. Daga baya a kasuwar Makarfi tun daga nesa ake nuna gwadonka, ba a tambayar mai shi.

Ka tuna zarena? Ina amarya na zauna na kaɗa maka auduga, na kawo ina jin kaina. Ka ja shi tsakanin yatsu, nan kauri, can siriri, ga gudaji. Ka ce, “Wannan ai igiyar ɗaure akuya ce.” Ka koma karɓar na innarka, daga baya na kanti. Na yi ta gwadawa, hannuna bai gyaru ba. Na tattara na zuba a tukunya na tura ƙarƙashin gado. Ba don wani abu na ajiye ba, auduga ce, ba a zubarwa.

To, Hafsatu tana neman ƙoshiyarka ta jawo tukunyar. Ta zauna a ƙasa tana shafa gudajin nan kamar ta tsinci zinariya. Na ce ta mayar, abin kunya ne. Ba ta ji ba. Taurin kai irin naka.

Ta kai aka rina mata, wani ruwan mazarƙwaila, wani kore kamar ganyen rake. Ta sa Sani ya kafa mata masaƙarka a gindin tsamiya. Maza masu wucewa gona suna tsayawa kallo, mace a masaƙar maza. Ko ɗaga kai ba ta yi.

Ina madafa na ji ƙarar ƙoshiya, ƙwas, ƙwas. Malam, sai da na dama fura na kai bakin zaure kafin na tuna ba kai ba ne. Na tsaya da ƙwarya a hannu. Ita na miƙa wa ta sha.

Abin da ta saƙa ya fito tudu da kwari, kamar kunyoyin gonar rake. A idona bai kai naka kyau ba, na kuma faɗa mata. Amma duk wanda ya gani ba zai ce naka ba ne, ba zai ce na kowa ba ne. Ta aika wa malamin hoto, ya ce ta ci gaba.

Sai zare ya ƙare, aiki na rabi. Babu kantin da ke sayar da mugun zare. Shi ne na kakkaɓe mazarina. Hannu yana rawa yanzu, ido ya yi hazo, zaren ya fi na da muni. Ita kuwa murna take yi.

Na so a ce kana nan ka ja shi tsakanin yatsu, ka faɗi abin da za ka faɗa. Wannan karon da na rama.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka. Allah Ya fitar da yarinyar nan lafiya, Ya bar mini hannuna har ta sauke aikinta. Amin.

Bari in koma, tana jiran zare.

Matarka,
mai igiyar akuya.