Kejin da na saka Duna a ciki

Hajiya Zakiyya, don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya tsaya mini a rai. Ni mace ce a wani ƙauye kusa da Tsanyawa. Maigidana ya rasu farkon damina, ya bar ni da yara da tumaki da karensa Duna, wanda ke gadin garke, yana kuma bin sa gona kullum. Da na shiga takaba babu mai fita da shi, sai ya kama yawo. Mu nan gona jikin gona take, gida jikin gida. Ya tattake waken mutane, daga baya ya kashe 'yan zabin maƙwabciyata Hure, matar da ta yi ta kawo mana abinci lokacin zaman makoki. Kunya ta hana ni haɗa ido da ita.

Sai ƙanin marigayi, Iliyasu, ya samo keji wajen wani mai walda a Ɗambatta. Ashe na kaji ne. Na ga Duna ba ya iya miƙewa a ciki sai ya sunkuyar da kai, amma raina a ɓace yake, na ce ya ɗanɗana. Aka ajiye shi bayan rumbu, rufin kwano, rana na dukansa. Da farko yana kuka yana cizon ƙarfen, ni kuwa nawa kukan ya ishe ni. Haka damina ta wuce.

Da na fita takaba na buɗe masa, sai ya fito yana ɗingishi, gwiwoyinsa duk gyambo. Ya daina haushi. In na kira shi sai ya kau da kai, jiya har ya yi wa 'yata Muhsina gurnani. Iliyasu ya ce a ba mafarauta shi a huta. Hajiya, marigayi ko cin abinci ba ya yi sai ya ware wa karen nan nasa. Yaya zan yi?

Mai nadama, daga Tsanyawa

Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki haƙuri. Killace karen ba laifi ba ne, maƙwabta na da haƙƙi, kuma ke a lokacin ba ki da halin fita. Inda aka kuskure shi ne girman kejin da daɗewar da ya yi a ciki.

Fara da kai shi wurin likitan dabbobi a duba gyambon, a yi masa allurar ciwon haukan kare. Kafin nan Muhsina ta nisance shi, ciwo na sa kare cizo.

Wancan kejin a mayar wa kaji. A auna Duna a yi masa wanda zai tsaya ba sunkuyo, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu. A sa shi a inuwa, a shimfiɗa katako da buhu, kada ruwa ya yanke. Da farko bar ƙofar a buɗe, ki riƙa ajiye abincinsa a bakinta, sannan a ciki, har ya shiga da kansa. Kada ki tura shi, kada ya shiga don horo, kada kuma ya wuni a rufe. Safe da yamma wani babba ya zaga da shi da igiya.

Maganar Iliyasu ma abar dubawa ce. In babu mai fita da shi kullum, ba shi ga wanda kika san zai riƙe shi da kyau ya fi masa. Amma a bari ya warke tukuna, kada a miƙa shi yana ɗingishi.

Ki kuma shiga gidan Hure ki ba ta haƙuri da bakinki. Wadda ta ciyar da ke a makoki ba za ta mayar da ke ba. Allah ya raya marayu, ya sanyaya miki zuciya.

Hajiya Zakiyya