Kwakwa a Bayan Hasumiya

Litinin, 3 ga Agusta
Iskar bana ta fara hauka. Na sa mun kifar da jirgin da gangan a bakin gaɓa, mu koyi tayar da shi. Aderaldo, ƙanin matata, sai mita: "Haba Yaya Zenildo, jirgi lafiyarsa lau ka ce a juye shi? Mutane na mana dariya." Na ce su yi ta yi. Sau uku muka yi: igiya a gefe guda, ƙafa a kan gindinsa, ni da shi da Cosme, na ukunmu a jirgi, mu ja tare. Na ukun ya tashi kafin in gama zagin Aderaldo.

Laraba, 5 ga Agusta
Na bi igiyoyi ɗaya-ɗaya da yatsa. Ta zanen da ke kama wa jirgi iska ta fara cinyewa inda take gugar katako. Irin wannan ba ta ihu, ranar da za ta tsinke kawai za ka ji. Na canja. Tulun ruwa, garin rogo, mazarƙwaila, duk na ɗaure.

Asabar, 8 ga Agusta
Matata Neuza ta ce na zuba gishiri a kofi. Kwanukan ne suka yi kama.

Talata, 11 ga Agusta
Yau kam! Da hantsi, muna kan kifi, ruwa ya yi baƙi daga gabas. Kafin mu sauke zane guguwa ta buge mu, sai ga mu a ruwa, jirgi a kife. Babu wanda ya yi kururuwa. Kowa ya san igiyarsa. Ja ɗaya, ja biyu, ya tashi! Ko tulu bai ɓace ba. Aderaldo yana tofar da ruwan gishiri yana cewa, "Tsoho, na tuba, gobe ma a kifar." Wallahi daɗi kamar in yi rawa. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa barin mutum a teku ba.

Sai komawa. Mashigarmu ƙunci gare ta, duwatsu hagu da dama. Sai ka saita doguwar bishiyar kwakwa daidai bayan hasumiyar coci, sannan ka shiga. Babana ya faɗa mini yana kan gadon mutuwa, ni kuma ban faɗa wa kowa ba. Wanda ya san alama shi ne mai jirgi. Na duba. Tudu na gani, fari-fari, ba hasumiya, ba kwakwa. Hazo ne, ina jin.

Na ce, "Aderaldo, bari in gwada ka, me ka hango?" Ya ce hasumiya, da kwakwa a hagunta. Na ce idan ta ɓuya a bayanta ka yi magana. Ya yi. Muka shige sumul.

Laraba, 12 ga Agusta
Gari duk labarinmu. Masu dariya sun zo tambayar yadda ake ɗaura igiyar. Na ja musu rai kafin in nuna.

Cosme ya ce jiya ba hazo.

Lahadi, 16 ga Agusta
Bayan coci na ja Aderaldo kan tudun yashi, na faɗa masa alamomin duka bakwai, har na ramin manyan kifi. Ba don komai ba, shekararsa arba'in, ya isa. Bai tsokane ni ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya ce, "Yaya, gobe wa zai tuƙa jirgi?" Na ce ni mana. Kai dai ka tsaya kusa da ni.