Gidan Sule Ya Yi Ɗumi

Assalamu alaikum Yaya Garba,

Ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar taka? Yaya Hajiya da jikoki? Mu nan Old Trafford lafiya, sai sanyi.

Ka tuna Sule ɗan Kawu, wanda na tarba a filin jirgi yana rawar ɗari, na yafa masa kwat ɗina? Tare muka nemi tallafin gwamnati na gyaran gida saboda sanyi. Shi a Birmingham an sa masa sabuwar boila mai ɗumama gida, an toshe rufi. Ni ko ƙusa ba a buga mini ba.

Da council, wato ƙaramar hukuma, za su turo mai dubawa, na yi yadda Baba ya koya mana. Na rufe funfunar bango da fenti, na kunna hita tun asuba, na dafa shayi. Baturen har ya tuɓe rigar sanyi. Ya tambaya ko muna shan sanyi, na ce mun gode Allah. Baƙo zan kai wa kuka?

Sule kuwa cikin bargo ya tarbi nasa, yana tari. Jiya ya bugo: "Yaya, da singileti nake zaune!" Na ce madalla, amma tuwo bai ciyu ba.

An ce kuɗin shirin sun kusa ƙarewa, mai dubawan kuma sau ɗaya zai dawo. Ka yi mini addu'a, Allah ya ara mini rashin kunyar Sule na yini guda. A gaida kowa.

Ƙaninka,
Mamman