Sunana Yana Layin Waɗanda Suka Ce A'a

Assalamu alaikum Edita, da masu bibiyar wannan fili. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma duk mai niyyar zagina ya daure ya kai ƙarshen wasiƙar tukuna. Zagi kam na riga ku yi wa kaina, shawara ce na rasa.

Ni ɗan kasuwa ne a Nguru, bandar kifi nake saye ina lodawa kudu. Da soja suka koma bariki, manyan wata jam'iyya suka ga ina da jama'a a bakin ruwa, suka tsayar da ni, masunta da manoman fadama suka kai ni majalisa. Ranar farko shugaban masu rinjaye ya tara mu ya ce, "Nan ba a zuwa da ra'ayi daga gida. Inda na kalla, nan za ku kalla." Sai na ƙirƙiro wata dabara da har yaba wa kaina nake yi. In kakakin majalisa ya ce masu goyon baya su ce eh, marasa goyon baya su ce a'a, sai in motsa leɓe ba tare da na fitar da sauti ba. Shugaba ya ga bakina ya motsa tare da na sauran, hankalinsa ya kwanta, ni kuma in na koma gida in rantse ban ce a'a ba. Shekara biyu ina buɗe baki ina rufewa kamar kifin da aka tsamo daga ruwa, wai ni mai wayo.

A lokacin kacala ta cinye mu. Wanda bai san ta ba, ciyawa ce doguwa da ke toshe hanyar ruwa, ta hana kwalekwale wucewa, ruwa ya kwanta a gonakin wasu, na wasu kuma su bushe, tsuntsaye su samu wurin ɓuya su gama da shinkafa. Wani ɗan adawa daga ɓangaren Gashuwa, bari in kira shi Malam Adamu, ya kawo ƙudirin a share hanyoyin. Shekara guda ina cewa zan kawo irinsa ban samu ƙarfin hali ba. Da safe shugaba ya kira mu ofis ya ce, "In wannan ya wuce, gobe za su shiga kasuwa su ce su suka yi. A kayar da shi, namu na nan tafe." Na ce a raina ai da sauƙi, leɓe ne kawai. Aka yi eh da a'a, kakaki ya ce a'a ta yi rinjaye, sai Malam Adamu ya miƙe ya ce bai yarda ba, a ƙirga, kowa ya tashi tsaye akawu ya rubuta sunansa. Ina dabarar tawa? Shugaba ko juyowa bai yi ba, ƙeyarsa kawai na kalla, gwiwoyina suka ɗaga ni. Aka rubuta sunana a layin masu a'a.

A bakin ƙofa akwai wani dattijo yana jirana, Baba Bulama, mai garin wani ƙauyen masunta, wanda ya bi gida-gida ya nema mini ƙuri'a. Ya yi doguwar tafiya a bayan motar kaya da damin kacala don 'yan majalisa su gani da idonsu, masu gadi suka ce ba a shiga da ciyawa, shi kuma ya ƙi ajiye ta, ya zauna a gindin darbejiya. Ya ce, "Honarabul, yaya aka yi?" Na ce an kayar, Baba. Ya ce, "Kai fa, ɗana?" Jama'a, me ya hana ni yin shiru? Na ce, "Wallahi Baba, duk jam'iyyarmu ni kaɗai na tsaya muku." Ya riƙe hannuna da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa. Ya bar damin a wurin, na sa Baba a motata muka dawo.

Ƙudirin namu bai taɓa zuwa ba. Da zaɓe ya zagayo aka hana ni tikiti don wani babba yana son surukinsa, amma mutanen bakin ruwa suka ce ai hukuncin tsayawar da na yi musu ne. Ban musa ba. Tun daga nan in na shiga kasuwar kifi sai a tashi a ba ni benci, a zaɓo mini mai kyau, in an yi rigima a ce a kira mai gaskiya. Ɗan Baba Bulama na fari ya bar ƙauyen don gonarsa ta koma tafki, yana turin baro a tasha, in ya gan ni har ƙasa yake gaishe ni. Nakan ce wa kaina ko da na bi masu eh ƙudirin faɗuwa zai yi, to amma rantsuwar fa? Wa ya tilasta ni?

Bara muka haɗu da Malam Adamu wurin wata jana'iza a Gashuwa. Baba Bulama, da yanzu idonsa ya yi rauni, ya jawo ni gabansa yana cewa, "Ga abokin tsayuwarka na ranar nan." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Malam Adamu ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Allah Ya saka wa kowa da abin da ya yi, Baba." Muna saka takalma ya matso ya ce a hankali, "Takardar sunayen ranar nan tana gidana, Alhaji. Ban taɓa nuna wa kowa ba." Da marina ya yi a gaban jama'a da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, shekaranjiya Baba Bulama ya sa aka kawo shi har rumfata. An yi wa ɗan nasa mai baro haihuwa, namiji, kuma an riga an yi masa huɗuba da sunana. Ya ce, "Ranar Asabar suna. Ina so ka ba jama'a labarin ranar nan da bakinka, yaron ya tashi ya ji dalilin sunansa. Na aika wa Malam Adamu, ya ce zai zo."

In na faɗi gaskiya, na karya zuciyar tsohon da bai taɓa zargina ba, na kuma bar jariri da sunan maƙaryaci. In na maimaita ƙaryar, a gaban wanda ya rufa mini asiri zan yi ta. Wannan karon kuma motsa leɓe ba zai fishe ni ba, don tsohon ba ya gani, kunne zai kasa.

Asabar saura kwana huɗu. Don Allah, me zan yi?