Dutsen Hillat Gwani

Hillat Gwani, Sudan

Yaya Bakri,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya a Alƙahira. Layin waya ya yanke a nan, shi ya sa na ba Harun direba wannan takarda ya kawo maka da hannu.

Yaya, 'yan bindiga sun shigo garin nan. Shugabansu ya sauka a makarantar firamare. Ranar kasuwa ya tsaya gaban dutsen da ka sassaƙa don mutanenmu da aka kashe a yaƙin baya, ya daɗe yana kallon hannuwan nan biyu masu riƙe da zangarniyar dawa. Ya tambayi wanda ya yi. Babu wanda ya buɗe baki, sai da suka fara dukan mai shayi.

Ƙanen shugaban nasu ya mutu ranar da suka afka mana. Yana so ka kankare zangarniyar ka sa bindiga a hannuwan, ka rubuta sunan ƙanen nasa a saman sunan Baba. Sun tafi da ƙanenmu Isam. Ya ce ba zai sake shi ba sai ka zo da kayan aikinka.

Ban san abin da zan ce maka ba. Allah ya kare ka.

Ƙanwarka, Awadiyya

Ard al-Liwa, Alƙahira

Awadiyya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni a warsha, wato wurin aikinmu, ina yankan farin dutse na teburin kicin ɗin wasu mutanen unguwar Mohandessin. Na ajiye injin.

Kin tuna yadda na yi dutsen nan. Daga gindin tsauni muka jawo shi da shanu. Hannuwan Baba na kwaikwaya, har tabon lauje da ke babban yatsansa. A ce in sa wa hannun Baba bindigar waɗanda suka ƙone mana gari!

Amma Isam yana numfashi, dutse kuwa ba ya yi. Zubairu, abokin aikina da muke ɗaki ɗaya, ya ce in na ƙetare iyaka takardar izinin zamana ta mutu, ba zan sake shiga Masar ba. Na ce masa ma'alish, ba komai. Ya ce, "To idan ka gama aikin ya riƙe ku ku biyu fa?"

Ki faɗa wa mutumin ina tafe. Ki roƙe shi kada a taɓa yaron. Ki gaishe da Inna, kada ki gaya mata komai tukuna.

Yayanki, Bakri

Hillat Gwani

Yaya Bakri,

Sallama da gaisuwa. Kada ka zo. Don Allah, don Annabi, kada ka zo.

Mardiya, wadda suka tilasta ta yi musu girki, ta ga Isam ta taga. Ya ce mata makaniken da aka kira ya gyara musu motoci ya gama aiki tun tuni, kuma har yau yana ɗaure a ɗaki ɗaya da shi. Ya ce, "Ki ce wa Yaya ya zauna inda yake."

Yaya, ka yafe mini. Ranar Juma'a, maza suna masallaci, na tara matan da sunayen mazansu da 'ya'yansu ke jikin dutsen. Muka ɗauko guduma da taɓare. Ni na fara, a kan hannun dama. Inna ta zo tana dogara sanda, na zaci hana mu za ta yi. Ta ce a ba ta gudumar. Ba ta iya ɗaga ta ba, sai na riƙe mata.

Shugaban ya zo ya tarar da tarkace. Ya sa aka yi mana bulala a tsakiyar kasuwa, bayana har yanzu ba ya taɓuwa. Da yamma suka jefo Isam a ƙofar gida, haƙarƙarinsa a karye, amma yana magana, yana shan kunu. Mutumin ya rantse duk ranar da ya ga mai sassaƙar nan zai yanke masa hannu, wai kai ka aiko mu.

Na roƙi Harun ya yi sauri. Ka zauna, khalas, magana ta ƙare.

Ƙanwarka, Awadiyya

Ard al-Liwa

Ƙanwarmu Awadiyya,

Assalamu alaikum. Ni ne Zubairu, abokin Bakri. Harun ya iso yau da hantsi, ni na karɓi takardar, kuma na buɗe ta don na ga kin rubuta "gaggawa" a baya.

Bakri ya tafi tun ranar Talata. Ni na raka shi tashar jirgin ƙasa mai zuwa Aswan da jakar kayan aikinsa. Na kira wayarsa, a kashe take. Na kira mutanenmu na Halfa, garin bakin iyaka, sun ce wani mai kamarsa ya hau babbar mota jiya zuwa kudu.

Ku tura wani ya tsaya masa a mararraba kafin gari. Yana sanye da shuɗiyar jallabiya.

Allah ya sa ku riga su ganinsa.

Zubairu